Fashin jirgin ƙasa a fim da kuma a kan layin dogo

Duk wanda ya tashi shirya fim a kan fashin jirgin ƙasa yana cin karo da matsala guda tun kafin ya kunna kyamara. Mai kallo so yake ya ga jirgi yana sheƙa gudu, wani yana rarrafe a kan rufin tarago, dawakai na tayar da ƙura a gefen layi. Shi kuwa ɗan fashi na gaske babu abin da yake nema illa jirgin ya tsaya cak a inda ya zaɓa, a kuma lokacin da ya zaɓa. Galibin ƙarin gishirin da ake gani a irin waɗannan fina-finai daga wannan saɓani yake fitowa. Idan aka bi manyan fashin da suka yi suna ɗaya bayan ɗaya, za a tarar abubuwa biyu ne suka ba ɓarayin sa'a: ƙa'idojin da aka kafa don tsaron jirgin, waɗanda suka juya su a kansa, da kuma wani na ciki da ya tsegunta musu ko ya buɗe musu ƙofa.

Ɗaya daga cikin fina-finan farko a wannan fanni ya fi da yawa daga cikin na baya kusantar gaskiya. The Great Train Robbery na 1903, wanda Edwin S. Porter ya shirya wa kamfanin Edison a Amurka, minti 12 ne ko kusa da haka, babu magana a cikinsa, kuma a birnin New York da jihar New Jersey aka ɗauke shi, nesa da yammacin ƙasar inda labarin yake nufi. Amma matakan da ya jera su ne na aikin. Ɓarayin sun ritsa mai buga tangaraho a tasha, suka tilasta masa ya ba jirgi alamar tsayawa. Suka hau a wurin da injin ke shan ruwa, domin jirgi mai tururi dole ne ya riƙa tsayawa ana cika masa tanki. Suka fasa akwatin kuɗi da nakiya, suka raba kan jirgi da taragai, suka gudu da kan zuwa inda suka ɗaure dawakansu. Babu mahayin da ya kori jirgi a guje ya dira a kansa. Doki yana iya yin gudu mai tsanani na ɗan taƙaitaccen zango ne kawai, kuma tsakuwar gefen layi ba wurin sukuwa ba ce.

Haka aka yi a Wilcox da ke jihar Wyoming ranar 2 ga Yuni 1899. Da jar fitilar hannu aka tsayar da jirgin kamfanin Union Pacific cikin dare, don ƙa'ida ta wajabta wa direba ya tsaya idan ya ga jan haske. Nakiyar da ƙungiyar ɗan fashi Butch Cassidy ta sa ta yi yawa, ta yi kaca-kaca da taragon. Fim ɗin Butch Cassidy and the Sundance Kid na 1969, wanda Paul Newman da Robert Redford suka fito a ciki, ya ɗauki wannan fashewa ya mai da ita abin dariya, takardun kuɗi suna yawo a sama. Abin da bai nuna ba shi ne Josiah Hazen, shugaban 'yan sandan wata gunduma, wanda ɓarayin suka harbe har lahira a lokacin da ake bin sawunsu bayan 'yan kwanaki.

Fashin da aka fi yawan maimaitawa a fim da talabijin shi ne na Ingila, ranar Alhamis 8 ga Agusta 1963, kuma a kansa ya kamata a daɗe, don an san dalla-dallarsa daga shaidar kotu.

Jirgin na gidan waya ne, ba na fasinja ba. Ya tashi daga Glasgow da ƙarfe 6:50 na yammacin Laraba zuwa tashar Euston a Landan, yana jan taragai 12, ma'aikata 72 suna tantance wasiƙu a ciki yana tafiya. Tarago na biyu daga inji shi ne na kaya masu tsada, inda bankuna ke zuba tsofaffin takardun kuɗi da suke mayarwa Landan. A daren da aka saba abin da ke ciki kan kai fam 300,000. A wannan dare, saboda hutun banki da aka yi a Sikotland, kuɗi ya taru ya kai fam miliyan 2.6, wato fiye da fam miliyan 50 a darajar yau. Sabbin taragai masu ƙarin sakata da ƙararrawa suna wajen gyara, sai aka sa tsoho. Ma'aikata biyar ne a cikinsa, babu ɗan sanda ko ɗaya. Ɓarawon da ke zaune a Landan ba shi da hanyar sanin wannan duka sai an faɗa masa, kuma an faɗa: wani mutum da ake yi wa laƙabi da ɗan Ulster ne ya ba da bayanin, ta hannun Brian Field, akawun wani lauya. Ko a kotu ba a taɓa gurfanar da wannan mutum ba.

Yadda aka tsayar da jirgin ya nuna sanin aikin layin dogo. Jirgi mai nauyi da ke gudu sosai yana bukatar fiye da kilomita ɗaya kafin ya tsaya, shi ya sa sigina ke zuwa biyu-biyu: ta nesa ta nuna rawaya don direba ya fara rage gudu, ta kusa ta nuna ja ya tsaya. Da ɓarayin sun taɓa ta kusa kaɗai, da direba ya ga kore sannan ja ba gargaɗi, ya wuce wurin da nisa, kuma ya gane akwai lauje cikin naɗi. Don haka duka biyun suka taɓa. A Sears Crossing, tsakanin Leighton Buzzard da Cheddington, an rufe koren haske da safar hannu, aka haɗa wa jan ƙwan fitila wuta daga batir mai volt 6. Roger Cordrey ne gwanin wannan aiki, kuma saboda shi ne ƙungiyar Bruce Reynolds ta haɗa kai da wata ƙungiya dabam, har adadinsu ya kai mutum 15. Ƙa'ida ta ce idan sigina ta tsayar da jirgi, wani ya sauka ya kira mai kula da sigina a wayar da ke gefen layi. Wajen ƙarfe 3 na dare mataimakin direba, David Whitby, ɗan shekara 26, ya sauka don ya cika wannan ƙa'ida, ya tarar an yanke wayar. Nan aka kama shi. Direba Jack Mills ya yi kokawa da waɗanda suka hawo masa, aka buge shi da kulki a ka.

Daga nan ne shirin ya fara tangarɗa, a kan abin da fina-finai ba su cika bayyanawa ba, wato birki. Jiragen Ingila na lokacin suna amfani da birki mai aiki da zuƙe iska. Bututu guda ne ya ratsa jirgin daga kai har wutsiya, famfon da ke cikin inji yana zuƙe iskar cikinsa har allurar ma'auni ta kai inci 21. Muddin babu iska a bututun, birki a sake yake. Da zarar iska ta samu shiga, ko direba ne ya buɗe mata ko tarago ne ya ɓalle, birkin kowane tarago zai kama. Da gangan aka tsara haka, don idan jirgi ya rabu biyu a hanya kowane ɓangare ya tsaya da kansa. To ɓarayin suna bukatar raba inji da taragai biyu na gaba daga sauran goman, su ja su mita 800 zuwa gadar Bridego, inda motocinsu ke jira a kan titin da ke ƙasa. Raba taragai yana nufin buɗe bututun, kuma jirgi ba zai motsa ba sai an toshe bakinsa tsaf, an jira famfo ya sake zuƙe iskar. Sun zo da wani tsohon direba mai ritaya don wannan aiki, kawo shi ma shi ne kusan duk rawar da ɗaya daga cikin ɓarayin, Ronnie Biggs, ya taka. Tsohon ya saba da ƙananan injinan jan taragai a cikin tasha, bai san babban injin dizal ƙirar English Electric mai lamba D326 ba. Birki ya ƙi saki a hannunsa. Aka janye shi, aka ɗora Mills a kujera, jini na zuba daga kansa, aka ce ya tuƙa.

A fim sau da yawa za ka ga an zare ƙarfe guda tsakanin taragai biyu, jirgi ya ci gaba da gudu, na baya ya sulale a hankali. A jirgin da ke da irin wannan birki hakan ba ya yiwuwa, duka ɓangarorin biyu tsayawa za su yi.

Sai maganar nauyi. Buhu 128 ne a taragon, suka kwashe 120, nauyinsu kusan tan biyu da rabi, wato kowane buhu ya haura kilo 20. Sun jeru ne daga kan gada zuwa titi suna miƙa wa juna hannu da hannu cikin duhu, a kan gangare, na tsawon minti 15 zuwa 20. Reynolds ya ce lokaci ya cika, aka bar buhu takwas. Yawan mutanen da aka tara, da babbar mota guda da Land Rover biyu da aka yi wa shigar sojoji, duk nauyin takarda ne ya jawo su. Kuɗin kuma yawanci takardun fam ɗaya ne da fam biyar. Jakar hannu guda da jarumi ke ratayawa a kafaɗa ya yi tafiyarsa a fim ba za ta ɗauki ko kason mutum ɗaya ba, wanda ya kai kusan fam 150,000.

Yawan mutane shi ne kuma ya kashe su. Kafin su tafi, ɗaya daga cikinsu ya ce wa ma'aikatan kada su motsa sai bayan rabin sa'a. 'Yan sanda suka ɗauki wannan magana suka yi lissafin cewa maɓoyar ba ta wuce tafiyar rabin sa'a ba, suka sanar za su bincika mil 30 kewaye da wurin. Gidan gonar Leatherslade, inda ɓarayin suka ɓuya, mil 27 ne daga gadar. Suna jin sanarwar a rediyo suka watse kafin ranar da suka tsara. An biya wani ya share gidan ko ya ƙona shi, ya karɓi kuɗi bai yi ba. Wani makiyayi na maƙwabta ya tsegunta, ranar 13 ga Agusta 'yan sanda suka shiga suka tarar da buhunan gidan waya, da abinci, da zanen yatsu a kan kwalbar miyar tumatir da kayan wasan Monopoly da suka buga da kuɗin gaske. Cordrey, gwanin sigina, an kama shi a Bournemouth cikin mako guda, saboda ya kama hayar garejin wata mata ya biya kuɗin wata uku a dunƙule da tsofaffin takardu, ashe matar mijinta marigayi ɗan sanda ne. Aka tsinci sama da fam 100,000 a jakunkuna a wani daji kusa da Dorking. Duk da haka abin da aka gano gaba ɗaya bai kai fam 400,000 ba.

Yanzu a duba yadda aka kai wannan labari gaban kyamara. Jamusawa ne suka riga kowa, da shirin talabijin mai kashi uku a 1966, Die Gentlemen bitten zur Kasse, wanda Horst Tappert ya jagoranta a matsayin shugaban ɓarayi. Sunan shirin kansa ya kira su mutanen kirki masu ladabi, kuma wannan hoto ya bi labarin shekaru da yawa. A 1967 Peter Yates ya fitar da Robbery, Stanley Baker na jan ragama. An canza sunaye don gudun shari'a, domin a lokacin ana neman wasu daga cikin ɓarayin, an kuma mai da gidan gona wani tsohon filin jirgin saman soja. Amma fitowar fashin kanta, a ganina, har yau babu wadda ta fi ta: doguwa ce, magana kaɗan, tana bin aikin mataki-mataki, daga sigina zuwa raba taragai zuwa jerin masu miƙa buhu. Duk da haka Yates ya san tsayayyen jirgi ba zai ishi mai kallo ba, sai ya buɗe fim ɗin da tseren motoci a titunan Landan. Wannan tsere ne jarumin fim na Amurka Steve McQueen ya gani ya nemi Yates ya shirya masa Bullitt a 1968. Gudun da labarin ya rasa a kan layin dogo sai da aka aro shi daga titin mota.

Buster na 1988 shi ne ya fi nisa da gaskiya a inda ya fi muhimmanci. Mawaƙi Phil Collins ya fito a matsayin Buster Edwards, ɗaya daga cikin ɓarayin, Julie Walters matarsa, labarin ya zama na soyayya da kewar gida a Meziko. Dukan da aka yi wa Mills kusan shafe shi aka yi. Wannan ba ƙaramin gyara ba ne, ganin cewa Edwards yana cikin waɗanda aka ambata da yin dukan. Ba a taɓa tabbatar da wanda ya yi ba a kotu, wani ɗan ƙungiyar, James Hussey, ya ce shi ne dab da mutuwarsa a 2012, amma babu mai musun cewa an yi dukan kuma ƙungiyar ce ta yi. Surutun da ya tashi a jaridu ya sa Yarima Charles da Gimbiya Diana suka fasa halartar bikin fara nuna fim ɗin.

Ana yawan cewa ɓarayin ba su ɗauki bindiga ba, kuma gaskiya ne. Sun ɗauki kulake da ƙarafa, sun fasa taragon da gatari, sun kwantar da ma'aikata biyar rub da ciki, sun ɗaure Mills da Whitby da ankwa guda. Mills ya daɗe yana jinya, ya koma aiki mara nauyi, bai sake zama yadda yake ba, ya rasu a Fabrairun 1970. Sankarar jini ce ta kashe shi, bincike ya ce ba raunin ba ne sanadi, amma iyalinsa sun ce ciwon kai da firgita ba su rabu da shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Whitby ya rasu a Janairun 1972 da bugun zuciya yana ɗan shekara 34. Mai karatu a Arewa ba sai an ja masa bayani a kan wannan ba. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 ta'addanci ne da garkuwa da mutane, ba satar buhunan kuɗi ba, amma wanda ya bi labarin waɗanda suka yi watanni a daji ya san da wane ido direba da fasinja suke kallon ranar da aka tare musu hanya.

Shirin BBC na 2013, wanda Chris Chibnall ya rubuta, ya yi ƙoƙarin gyara ma'auni ta hanyar raba labarin biyu. Kashi na farko na ɓarayi ne, Luke Evans a matsayin Reynolds, ya faro daga fashin filin jirgin saman Landan na 1962 inda suka samu fam 62,000, ya nuna dukan Mills, ya nuna gazawar tsohon direba. Kashi na biyu na 'yan sanda ne, Jim Broadbent a matsayin Tommy Butler, jami'in Scotland Yard, wato rundunar 'yan sandan Landan, da ya ja ragamar farautar. Wannan rabi na biyu ya fi amfani ga mai son fahimta, don ya nuna aikin bincike yadda yake, mai gajiyarwa: ɗaukar zanen yatsu, zaman jiran masu tsegumi, da saɓanin da aka yi lokacin da manya suka buga hotunan waɗanda ake nema a jarida ba da son Butler ba, abin da ya sa suka ƙara nutsewa. An fara nuna shirin ranar 18 ga Disamba 2013, ranar da Biggs ya mutu. Kafin shi a 2012 tashar ITV ta yi Mrs Biggs mai kashi biyar, Sheridan Smith a matsayin matar Biggs, inda aka kalli abin daga ɓangaren matar da ta bi miji gudun hijira zuwa Ostareliya ta rasa ɗanta na fari a hatsarin mota a can.

Shaharar Biggs kanta darasi ce a kan yadda labari ke zaɓar gwarzonsa. Shi ne ya kawo mutumin da ya kasa aikin. Sunansa ya fito ne saboda ya tsallake katangar kurkukun Wandsworth a Yulin 1965, ya zauna a Birazil yana hira da 'yan jarida har ya dawo da kansa a 2001. Sauran ba su ga irin wannan rayuwa ba. Alƙali Edmund Davies ya yanke wa bakwai ɗaurin shekara 30 a Afrilun 1964. Charlie Wilson ya tsere, aka kamo shi a Kanada a 1968, daga baya aka harbe shi a gidansa a Sifaniya a 1990. Reynolds ya shiga hannu a 1968 bayan kuɗinsa sun kusa ƙarewa, ya fito a 1978. Edwards ya ƙare yana sayar da furanni a bakin tashar Waterloo, ya kashe kansa a 1994. Kuɗin gudun hijira, da na masu canza takardu, da na lauyoyi, da cin amanar waɗanda aka ba ajiya, su suka cinye dukiyar.

Idan aka koma shekara ɗari baya, fashin zinariya na 15 ga Mayu 1855 ya fi kowanne nuna yadda fim ke ƙirƙiro gudu a inda babu shi. Akwatuna uku na zinariya, kusan kilo 100, darajar fam 12,000, aka ɗora a jirgin kamfanin South Eastern daga tashar London Bridge zuwa Folkestone, daga can a tsallaka zuwa Faransa. Ana sa su ne a akwatin ƙarfe na kamfanin Chubb mai makulli biyu. Edward Agar, ƙwararren mai buɗe makulli, da William Pierce, tsohon ma'aikacin kamfanin, sun ja mutum biyu na ciki: James Burgess, gadin jirgin, da William Tester, akawu a ofis. Tester ya ba da mabuɗi na farko na ɗan lokaci aka danna shi a kakin zuma aka ɗauki siffarsa. Na biyu yana Folkestone, sai Agar ya aika wa kansa ƙunshin zinariya don ya ga inda ake ajiye mabuɗin, aka ɗauko shi lokacin da akawuna suka fita tarar jirgin ruwa. Mabuɗin da aka ƙera daga kaki ba ya shiga daidai a karon farko, don haka Agar ya yi ta bin jirgin a taragon Burgess yana goge shi da magagari har ya buɗe. A daren aikin Burgess ne ya shigar da shi taragon. Suka cire zinariya, suka zuba ƙwayoyin dalma a madadinta don nauyi ya yi daidai, suka mayar da ƙarafan akwatunan da hatimi. Lissafinsu bai cika ba, a Boulogne aka auna aka ga akwati ɗaya ya yi sauƙi da kusan kilo 18, amma sai a birnin Paris aka buɗe. Turawan Ingila da na Faransa suka yi ta ɗora wa juna laifi.

A fim ɗin Michael Crichton na 1978, The First Great Train Robbery, an mai da mabuɗan huɗu don a samu kasada huɗu, an ce zinariyar albashin sojojin yaƙin Kirimiya ce alhali ta 'yan kasuwa ce, an kuma sa Sean Connery ya bi rufin taragai jirgi na gudu, yana kwantawa duk lokacin da gada ta taho. Shi da kansa ya yi wannan fitowa a ƙasar Ailan, kuma tana da kyawun kallo ƙwarai. Tana ma da ɗan dalili, don taragan wancan zamani ba su da hanyar wucewa daga ɗaya zuwa ɗaya ta ciki. Sai dai wanda gadin jirgi ke buɗe wa ƙofa ba ya bukatar rufi. A ƙarshen fim jarumi ya tsere jama'a na yi masa tafi. A zahiri an ɗaure Agar a kan wani laifin dabam, ya bar wa Pierce kuɗi ya kula da Fanny Kay, uwar ɗansa, Pierce ya cinye. Ita ta kai ƙara, Agar ya fusata ya ba da shaida. A 1857 aka yanke wa Burgess da Tester korar shekara 14 zuwa Ostareliya saboda sun ci amanar kamfanin da suke yi wa aiki, Pierce kuwa shekara biyu ya samu.

Na ciki yana nan a ko'ina. Fashin Rondout kusa da Chicago a 1924, wanda fim ɗin The Newton Boys na 1998 ya ɗauko, wani sufeton gidan waya ne, William Fahy, ya ba da bayanansa, kuma asirin ya tonu ne bayan ɗaya daga cikin ɓarayin ya harbi ɗan uwansu cikin duhu bisa kuskure. Fim ba ya son wannan mutum na ciki, don aikinsa zama ne a ofis da raɗa a kunne, kuma yana rage wa jarumi kwarjini.

Masu kallon fina-finan Indiya sun san wani nau'in dabam. A Kakori kusa da Lucknow, ranar 9 ga Agusta 1925, 'yan gwagwarmayar neman 'yanci ƙarƙashin Ram Prasad Bismil sun shiga jirgi a matsayin fasinjoji, ɗayansu ya ja sarƙar tsayar da jirgi ta gaggawa, suka sauke akwatin kuɗin gwamnatin mulkin mallaka daga taragon gadi. A nan ma na'urar da aka sa don ceton fasinja ce ta zama makami. Rang De Basanti na 2006, wanda Aamir Khan ya fito a ciki, ya nuna wannan a matsayin jarumta, kuma a tarihin Indiya haka ake ɗaukarsa: an rataye Bismil da Ashfaqulla Khan da Rajendra Lahiri da Roshan Singh a Disambar 1927. Manufarsu ta sha bamban da ta su Reynolds nesa ba kusa ba. Duk da haka harsashi ya kashe fasinja guda a wannan dare bisa kuskure, kuma mutuwarsa ce ta ba masu gabatar da ƙara damar mai da shari'ar ta kisan kai.

Akwai mutum ɗaya a labarin 1963 da ya cancanci fim nasa na kansa. William Boal abokin Cordrey ne, yana bin sa bashi, aka kama su tare a Bournemouth da kuɗin. Hujjar da ta haɗa shi da gidan gonar ɗigon rawayan fenti ce da aka ce an samu a wani ƙaramin abu a aljihunsa, irin fentin da aka kafa hujja da shi a kan takalmin wani ɗan ƙungiyar, Gordon Goody, wanda shi ma ya yi ta cewa dasa masa aka yi ko da yake daga baya ya amsa yana cikin fashin. An yanke wa Boal shekara 24, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 14. 'Yan ƙungiyar da kansu, har da Reynolds, sun faɗa daga baya cewa Boal bai je gadar ba, bai kuma san shirin ba. A lokacin shari'ar babu wanda ya buɗe baki ya wanke shi, domin mai cewa Boal ba ya wurin ya amsa ke nan cewa shi yana wurin. Boal ya rasu a tsare a 1970, sankara ta cinye shi, ya bar mata da 'ya'ya uku.